Murar da Ta Ƙi Wucewa: Kumburin Ramukan Hanci ga Yara

Da zarar hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura kan lulluɓe Birnin Kudu da Gwaram, ga ƙaiƙayin sussuka, ga hayaƙin girki. Da wuya a sami gidan da babu yaro mai mura. Yawancinta bairos ke haddasa ta, kuma takan lafa da kanta kafin kwana 10.

Sai dai a cikin ƙasusuwan fuska akwai ramukan iska masu ɓullewa cikin hanci. Na kumatu da na tsakanin idanu da su ake haihuwar jariri. Na goshi kuwa sai wajen shekara 7 suke bayyana. Idan mura ta toshe ƙofofinsu, majina kan taru, bakteriya irin su Streptococcus pneumoniae da Haemophilus influenzae su hayayyafa.

Alamomi uku likita ke dubawa. Na farko, majina ko tarin rana su wuce kwana 10 babu sauƙi. Na biyu, yaro ya fara murmurewa sannan ciwon ya dawo da ƙarfi. Na uku, zazzaɓi ya kai digiri 39 tare da majina mai ruwan ɗiwa, kwana 3 a jere. Launin majina kaɗai ba hujja ba ne, kuma galibi ba a bukatar ɗaukar hoto.

Maganin farko shi ne amoksisilin, gwargwadon nauyin yaro, a sha har ƙarshen kwanakin da likita ya yanke. Ɗiga ruwan gishiri na asibiti a hanci da shan farasitamol kan rage wahala. Idan kwana 3 suka shuɗe babu canji, a koma asibiti. Saye a kemis da ka, kan sa bakteriya su daina jin magani.

Hatsarin shi ne ƙashin da ya raba ramukan da ido siriri ne ƙwarai. Kumburin fatar ido, tsananin ciwon kai, sanƙarewar wuya ko jijjiga, duk suna wajabta garzayawa asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, domin a ceci ido da ƙwaƙwalwa.

A ƙarshe, allurar Penta da Nijeriya ta fara a 2012, da ta PCV a 2014, suna kare yara daga miyagun nau'o'in waɗannan bakteriya. Rigakafi dai ya fi magani.