Ki ƙirƙiro yarinyar, ki bar tarihi yadda yake

Zuwa ga Gwaggo. Ni malamar Hausa ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata a ƙaramar hukumar Shanono. Ɗalibaina na son karatu, amma abin da ke yawo a hannunsu littattafan soyayya ne da suke samu a wayoyin yayyensu. Shi ne na fara rubuta musu labarin ƙuruciyar Nana Asma'u 'yar Shehu, don su ga macen da ta tsallake iyakar da aka gindaya wa mata. Ina babi na uku maigidana ya karanta. Ya ce na sa wa baiwar Allah maganar da ba ta faɗa ba, kuma iyayen yara za su ce ina koya wa 'ya'yansu taurin kai, a garin da da ƙyar ake barin yarinya ta gama aji uku. Tun ranar ban sake ɗaukar biro ba. In yaga ne ko in ci gaba?

Malama H., Shanono

To, 'yata. Kada ki yaga. Amma kafin ki koma kan biro ki haɗa wa maigidan nan naki shayi mai kauri, domin a maganarsa ta farko yana da gaskiya, kuma ya rage miki wahala. Miji da zai zauna ya karanta babi uku na rubutun matarsa ba a ko'ina ake tsintarsa ba.

Nana Asma'u ba ta cikin mutanen da tarihi ya bari ba baki. An haife ta a Ɗegel a 1793, tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta rasu a 1864, ta bar rubuce-rubuce sama da 60 da Larabci da Fulatanci da Hausa. Zuriyarta na nan a Sakkwato. Marigayi Waziri Junaidu daga tsatsonta yake, ita da mijinta Waziri Giɗaɗo. Wadda ta yi magana da bakinta haka, kuma jikokinta suna raye, ba ta bukatar ki ara mata baki. Duk abin da kika sa ta faɗa wa Shehu a cikin ɗaki, wani zai tambaye ki a ina kika ji, kuma ba ki da amsa.

Mafita tana cikin aikin ita Nanar. A zamanin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da bayansa, ta tsara abin da ake kira 'Yan Taru. Kowane rukunin mata na ƙauye yana da shugaba da ake ce wa jaji, wadda Nana ke ɗora wa malfa da jan rawani, alamar an ba ta izini. Jaji ce ke jagorantar tawaga a ƙasa har zuwa wurin Nana, su koyi waƙoƙin da ta tsara kan tsarki da salla da kyautata wa mutane da nisantar bori, su haddace, su koma su karantar da matan da ke cikin kulle. To, su wa ke yin tafiyar? Tsofaffin da suka wuce haihuwa, da yara mata da ba su kai aure ba. Ga yarinyarki nan, Malama. 'Yar shekara 12, ɗauke da ƙwaryar man shanu ta sadaka a bayan jaji, ƙafa ta yi kaushi, ba ta taɓa kwana a wajen gidansu ba. Ita ce taki, ki sa ta yi kuka, ta yi ƙarya, ta ɓata a kasuwa, ta ji tsoron kura. Nana kuwa a gan ta sau ɗaya, ko ma muryarta kawai a ji daga cikin soro tana biya wa mata karatu, kuma kada ta faɗi komai sai irin abin da aka san ta karantar. Yarinyar da ta yi tafiyar kwana da kwanaki don ganin mutum, kallo ɗaya ma ya ishe ta labari har tsufa.

Dalilin da ya sa nake matsa miki a nan shi ne abin da ya faru da Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa ta Nijar. A watan Afrilun 1899 ta yi tsayin daka ga rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone garuruwa a kan hanyarta ta zuwa Chadi. Abin da aka rubuta game da ita a lokacin kaɗan ne ƙwarai. A 1980 Abdoulaye Mamani ya gina littafi sukutum a kanta da Faransanci, ya ƙirƙiro mata ƙuruciya da tarbiyya da jawabai, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Aiki ne mai kyau, ya raya sunanta. Sai dai yau mutane da yawa abin da Mamani ya ƙaga shi suka riƙe a matsayin tarihi. Alƙalami yana da wannan ƙarfin a kan manya, balle 'yan aji biyu. Saboda haka ki ware shafi ɗaya a ƙarshen littafin ki gaya wa yara ƙarara: wannan ya faru, wannan ni na ƙaga.

Na ji daɗi da ba Sarauniya Amina kika ɗauko ba. Ba raini ba ne. Amma ko zamaninta ba a daidaita a kai ba: littafin Tarihin Kano ya sa ta a lokacin Sarkin Kano Dauda, farkon ƙarni na 15, wasu masana kuma suka kai ta ƙarni na 16. Bayan haka ni dai na gaji da ganin duk jarumar da za a nuna wa 'ya'yanmu sai an riƙa mata takobi. Yarinyar da ke surfe a Kokiya ba ta da doki, ba ta da runduna, ubanta ba sarki ba ne.

Sai maganar taurin kai. Abin da ke jawo wannan zargi yawanci shi ne marubuciya ta ɗauki yarinyar yau, da bakin yau, ta jefa ta cikin 1840, ta tsaya gaban ubanta tana zazzaga masa jawabin 'yanci. Wannan ba tarihi ba ne, kuma yaran kansu ba za su yarda ba, don sun san ba a yi wa uba haka. Ki nemo iyakar da take ta gaskiya a wancan zamanin: nisan hanya, tsoron masu kamen bayi, bakin maƙwabta, aikin kaka da ke bukatar hannu, wanda aka riga aka yi wa alkawarinta. In uban ya hana, ki ba shi dalilin da mai hankali zai iya riƙewa. Kada ki mai da shi dodo. Kuma ki sa mata wani a baya, kaka ko gwaggo ko malamin allo, domin da wuya ki samu yarinyar da ta ƙetare ita kaɗai.

In wani uba ya tare ki, kina da abin faɗa. Shehu Usmanu da kansa, a cikin littafinsa Nurul Albabi, ya yi kakkausan suka ga malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Tun yana yawon wa'azi wani malami mai suna Mustafa Goni ya soke shi kan barin mata su halarci majalisinsa, ƙanensa Abdullahi ya mayar da martani da waƙa, kuma labarin na cikin littafin Tazyinul Waraƙati. Wato gardamar da ake yi a zaurukan Shanono yau an yi ta fiye da shekara 200 da suka wuce, kuma an san ɓangaren da Shehu ya tsaya.

Duk da haka ba zan ruɗe ki in ce kowa zai yi murna ba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da kimanin shekara 13, daga baya ta koma ajin yaƙi da jahilci, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Ta sha magana a kansa. Har yau ana karanta shi, har a jami'o'i. In kina jiran littafin da ba wanda zai ɓata rai a kansa, ba za ki gama babi na huɗu ba.

Yanzu bari in tsokane ki kaɗan. Me ya kai ki Sakkwato tun a littafin farko? A nan yammacin Kano, wajen Zarewa, aka yi wata mata da ake kira Baba ta Karo, an haife ta a 1877. Ba 'yar sarki ba ce, ba malama ba ce. Ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a 1949 da 1950 ta ba ta labarin rayuwarta, aka buga a 1954, ita kuwa ta rasu a 1951 ba ta gani ba. A ciki akwai harin masu kamen bayi, da zuwan Turawa, da ƙawance, da auren zumuncin da aka yi mata ba ta so, da yadda ta fita daga cikinsa. Masana a duniya suna ta komawa gare shi. Irin Baba suna nan zaune a kan tabarma a Alajawa da Leni da Shakogi, ba wanda ya tambaye su. Yaran da aka kwasa aka sa firamare a shirin UPE na 1976 yanzu sun haura shekara 50. Ki je ki gaishe su da goro. Wace ce yarinyar farko da aka rubuta a unguwarsu? Wa aka ɓoye da aka ji mai unguwa na tafe da malamai? Wa ta kai aji shida, wa aka cire, me uwarta ta ce? Ki sauya sunaye da unguwanni don kada ki tona asirin gidan kowa. Labarin da zai fito daga nan ba mai ce miki kin yi wa waliyyiya ƙarya, kuma ɗalibanki za su gane rijiyar da ake magana a kai.

Ko wanne kika zaɓa, ki kula da ƙananan abubuwa, don su ke tona marubuci. A zamanin Nana da wuri ake ciniki, ba ashana, ba fitilar ƙwai, mata na kaɗi da mazari. A 1976 kuwa naira ba ta wuce shekara uku da fitowa ba, tsofaffi da fam da sule suke lissafi. Babi ya zama gajere yadda za ki karanta shi a darasi ɗaya, ki karanta da babbar murya ki dubi fuskokinsu. Inda suka fara wasa da biro, nan ne za ki yanke. Ki nuna wa shugabar makaranta da wani malamin islamiyya da ake jin maganarsa kafin ya shiga hannun yara. Maigidan kuma ki ci gaba da ba shi kowane babi.

*

Gwaggo ina wuni. Shekarata 15. Na karanta labarin Hajiya Gambo Sawaba a littafin yayana, ina so in zama kamarta. Na ce wa Innarmu na daina tallan ranar kasuwa saboda yana sa ni fashin makaranta. Yau kwana uku ba ta yi mini magana.

Jikarki, daga Faruruwa

Lafiya lau, jikalle. Kin zaɓi babbar mace. An haifi Hajiya Gambo a 1933, ta tashi a Zariya, ta rasa iyayenta da wuri, aka aurar da ita tana da shekara 13. Ta shiga jam'iyyar NEPU tana matashiya, ta yi ta kiran a ba matan Arewa ƙuri'a, abin da bai samu ba sai 1976. Ta sha duka, ta sha ɗauri, masu rubuta tarihinta sun ƙirga shigarta kurkuku har sau 16. Ta rasu a 2001, yau ga asibiti da sunanta a Zariya. Amma ki lura da waɗanda ta yi ja-in-ja da su: 'yan doka ne da alƙalai da masu mulki. Innarki ba ta cikinsu.

Kina da gaskiya, fashin makaranta asara ce. Yadda kika faɗa ne ya yi zafi. Kuɗin tallan nan, in kin bincika, wataƙila kayan ɗakinki ake tarawa da shi, ko cefanen da kike ci. Da kika ce kin daina, abin da ta ji shi ne kin raina wahalarta. Yau da daddare ki je ki durƙusa ki ba ta haƙuri, ba tare da kin janye bukatarki ba. Sannan ki zo mata da lissafi: nawa ake samu ranar kasuwa, nawa za ki iya kawowa in kin fita bayan an tashi daga makaranta da ranakun da ba karatu, ko in akwai ƙani da zai riƙe miki farantin safe. Yayan nan naki mai littafi ki sa shi a maganar, ko kawunki in Inna na jin nauyinsa.

Ki kuma samu shugabar makarantarku. Tun 2019 gwamnatin Kano ta ayyana karatun firamare da sakandare kyauta kuma dole, sannan Kano na cikin jihohin farko na shirin AGILE mai tallafa wa karatun 'yan mata. Ki tambaye ta ko makarantarku na ciki, in tana ciki ki roƙe ta ta aika a kira Inna ta yi mata bayani da kanta. Ki sake rubuto mini bayan kasuwa biyu in ji yadda kuka ƙare.

Taku, Gwaggo Hajara