Zazzaɓi ya tafi, gaɓɓai sun ƙi saki

Akwai tambayar da nake yi wa duk wadda ta shigo mini da kumburarrun yatsu: "Hajiya, kafin gaɓɓan nan su fara, kin yi zazzaɓi?" Sau da yawa sai ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Na yi, likita, amma ai maleriya ce, na sha magani ta wuce." In na bi diddigi, sai in tarar ko gwajin jini ba a yi ba.

Ba don neman surutu nake tambayar ba. Garkuwar jiki kan tashi yaƙar ƙwayar bairas, amma wani lokaci ko an gama yaƙin ba ta ajiye makami, sai ta juya kan gaɓɓai, fata, ƙoda ko jijiyoyin jini. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne kama: wani sashe na ƙwayar yana kama da wani sinadari na jikinmu, sai garkuwa ta kasa bambance baƙo da ɗan gida.

Wadda aka fi zargi ita ce Epstein-Barr, da aka gano a 1964 a ƙwayoyin wata sankarar yara da likita Denis Burkitt ya fara bayyanawa a Yuganda. Ta yawu ake ɗaukarta, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita. A 1997 masu bincike a Oklahoma ta Amurka suka tarar kusan duk yara da matasa masu cutar lupus (ɗaya daga cikin cututtukan da garkuwa ke juya wa jiki) da suka gwada sun taɓa kamuwa da ita, alhali a cikin sa'o'insu masu lafiya kusan kashi 70 ne. Kada wannan ya tayar wa kowa da hankali. Da ita kaɗai ke haddasa lupus, da duk gari ya kwanta. Sai ta haɗu da gado da yanayin jiki, shi ya sa tara cikin goma na masu lupus mata ne, galibi a shekarun haihuwa.

Wasu ƙwayoyin kuma kwaikwayo kawai suke yi. Na taɓa duba wata malamar firamare da yatsunta da wuyan hannunta suka kumbura duka biyu, har an ce mata amosanin gaɓɓai ne na har abada. Ashe ɗalibanta ne suka yi ƙuraje a kumatu, ta ɗauki parvovirus B19 a wurinsu. Cikin 'yan makonni ta ware. Cikungunya, da sauron Aedes ke yaɗawa, ba ta da wannan sauƙin, tana iya riƙe gaɓɓai watanni, har shekaru.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon hanta. Nau'in B na iya jawo kumburin jijiyoyin jini, nau'in C kuma ya zo da ciwon gaɓɓai da ɗigo-ɗigon jini a ƙafafu. Mutane da yawa a nan suna ɗauke da nau'in B ba su sani ba, don bai taɓa nuna musu shawara a ido ba. Sai gaɓɓai su dame su, a ce sanyi ne, a je kemis a sayo prednisolone ko dexamethasone. Ciwo zai lafa kam, cikin kwana biyu ma. Amma maganin danne garkuwa yake yi, ƙwayar da ke kwance a hanta ta samu fili ta hayayyafa. Na ga wani magidanci da aka kawo idonsa ya yi rawaya bayan wata uku yana shan irin wannan maganin, kuma har yau abin yana ci mini rai, domin gwaji ɗaya mai sauƙi da ya tare shi.

Saboda haka idan gaɓɓai sun kumbura sun haura mako shida, ko suna sandarewa da safe fiye da rabin awa, ko ga ƙuraje a fuska da rana ke tayarwa, ga zubar gashi da gyambon baki, a zo asibiti, a kuma faɗa mana zazzaɓin da ya gabata ko da an ɗauka ya wuce. Ni dai ba na rubuta methotrexate ko wani mai danne garkuwa sai na ga sakamakon gwajin ciwon hanta B da C da na HIV a gabana.