Darasin Juma'a: Shigar Larabawa da Tamu

Jama'a, malamin da ya baƙunce mu bayan ya koyar a ƙasashen Larabawa ya ce su kansu ba shiga ɗaya suke yi ba. Basaudiye na sa farar jallabiya da ƙyalle a ka. Basudane na naɗa rawani, matarsa na yafa irin lafayar da muke gani nan Shehuri. Abin da shari'a ta nema shi ne a rufe al'aura, kada tufa ta yi shara-shara, maza su guji alharini da zinari. Ashe babbar rigarmu da hula zanna sun wadatar. To, kada maigida ya ci bashi a Kasuwar Monday saboda abayar Dubai, kada kuma mu raina marar ita. Allah ya tufatar da mu da taƙawa.