Darasi na 3: Me Kika Iya? Ki San Kanki Kafin Ki Karɓi Rance

'Yan'uwa, sau da yawa in aka tambayi mace sana'arta sai ta ce, "Ni ai ba na komai, zaman gida nake." Alhali ita ke yi wa maƙwabta kitso, ita ke juya ɗan kuɗin cefane har ya kai ƙarshen mako. Wannan duk iyawa ce.

Iyawa iri biyu ce. Akwai ta hannu: ɗinki, ƙunshi, suyar awara, matsar man gyaɗa, kiwon awaki. Akwai ta hali: riƙon amana, sammako, haƙuri da mai saye, lissafi. Sai an haɗa biyun sana'a ke tsayawa. Wadda ta iya awara amma tana jin kunyar bin bashi, jarinta zai narke a hannun maƙwabta, ga kuma ranar biyan rance ba ta jira.

Aiki (minti 20)

1. Ku zauna bibbiyu. Kowacce ta faɗi abu 3 da hannunta ya iya.
2. Abokiyar zamanki ta faɗa miki hali 2 masu kyau da ta san ki da su.
3. Ki zaɓi abu ɗaya, ki tambayi kanki: wa zai saya a unguwarmu? Nawa ne jarin? Me ya rage in koya, kuma a wurin wa?

Kada ki ɗauki sana'a don kin ga ta karɓi wata. Mako mai zuwa kowacce ta zo da amsarta, kafin mu buɗe akwati.