Baƙin da ke jikin sakatar bindiga: wanne za a goge, wanne za a ji tsoro

Duk wanda doka ta damƙa wa bindiga, soja ne ko ɗan sanda, mai gadin gandun daji irin na Yankari ko maharbin da lasisinsa ke aljihu, ya san wannan yanayin. An tashi daga filin harbi, ka zare sakata, wato ƙarfen nan da ke tura harsashi mazauninsa ya kulle bayansa, sai ka tarar ta yi baƙi ƙirin, ga wani ruwan ɗorawa a goshinta, wani lokacin har da ja-ja a lungu. Abin da akasarin mutane ke yi shi ne su ɗauko soson ƙarfe ko samfefa ko bakin wuƙa, su hau kankara har sai ƙarfe ya yi fari fat, sannan hankalinsu ya kwanta. Roƙona gare ka shi ne ka daina. Yawancin baƙin nan ba ya cutar da bindiga, kankarar ce ke cutar da ita, kuma abin da ya kamata ya tayar maka da hankali sau da yawa ba baƙi ba ne sam.

Kafin komai, cire gidan harsasai, sannan ka ja sakata baya, ka leƙa mazaunin harsashi da idonka, ka sa ɗan yatsa ka taɓa. A haka ake bi, gida tukuna sannan sakata, domin wanda ya juya tsarin ya fitar da harsashi ɗaya ne ya shigar da wani. Harsasan kuma ka kai su wani ɗaki. Mutane da yawa sun rasa ransu a hannun ɗan'uwan da ya rantse babu komai a ciki.

Baƙin kansa kunkunniyar albarushi ce. Albarushin zamani, wanda Paul Vieille ya ƙirƙiro a Faransa a 1884, ana ce masa marar hayaƙi, amma ba ya ƙonewa ƙurmus. Kowane harbi yana barin ɗan toka, ta haɗu da man da ke jikin ƙarfe, zafi ya gasa su, su daskare. Inda tokar ke taruwa ya danganta da ƙirar bindiga. A AK-47 iskar harbi fistin take bugawa a can gaba, saboda haka kan fistin ne ke yin ɓawo, sakatar kuwa ƙazantarta da sauƙi. A M16 da danginta, ƙirar Eugene Stoner, iskar ana jawo ta ne ta siririn bututu har cikin gidan sakata, don haka wutsiyar sakatar kullum a gashe take. G3 kuwa mazaunin harsashinta yana da tsaga-tsaga da gangan, shi ya sa kwansonta ke fitowa da zane-zanen baƙi a jiki, kan sakatarta kuma ya yi duhu tun ba a yi nisa da harbi ba. Bindigar farauta mai sakatar hannu ita ce mafi tsafta a cikinsu. In ka san haka, ba za ka ga baƙin wutsiyar M16 ka ɗauka bindigar ta lalace ba. Haka aka gina ta.

Ban ce ƙazanta ba ta da illa ba. A yaƙin Biyetnam sojojin Amurka sun mutu da M16 a hannu ta ƙi tashi, har majalisar wakilansu ta kafa kwamiti ƙarƙashin Richard Ichord a 1967. An gano an canza nau'in albarushi zuwa wanda ya fi barin datti, mazaunin harsashi ba shi da rufin kurom sai ya yi tsatsa, sojoji da yawa kuma ba a ba su kayan gogewa ko horon amfani da su ba. Amma lura da inda matsalar take: datti ne mai kauri da tsatsa a wuraren da ƙarfe ke motsi, ba launi ba. To ga ma'aunin da zan ba ka. Ja farcenka a kan wurin. In ka ji tudu, ko wani abu ya ɓantaro, datti ne, a cire shi. In wurin sumul yake, launi ne kawai ya kama, to kamar bayan tukunyar da ta daɗe a murhu ne, baƙinta bai hana ta dafa tuwo ba.

Cire dattin ba ya buƙatar ƙarfi, haƙuri yake so. Jiƙa sakatar da man wanke bindiga irin su Hoppe's No. 9 ko Ballistol ko wanda ma'ajiyar makamanku ke bayarwa. In babu, kananzir mai tsafta yana yi. Bar ta ta sha kamar minti 15 zuwa 20, ɓawon da ya daɗe kuwa ko kwana ya yi a jiƙe babu laifi. Sannan ka bi ta da tsohon buroshin haƙori, ka shiga bayan haƙoran da ke kulle ta, ka shiga ƙarƙashin ƙugiyar da ke fizgo kwanso, domin nan ne datti ke maƙalewa ya sa kwanso ya ƙi fita. Abin da ya gagari buroshi ka tunkuɗe shi da tsinken itace ko bakin kwanson tagulla da aka matse. Tagulla ta fi ƙarfen sakata laushi, ba za ta ci shi ba. Ka goge da farin tsumma har ya daina fitowa baƙi sosai, ba lallai sai ya fito fari tas ba.

Dalilin da ya sa nake ƙin samfefa da magagari shi ne, na farko, duhun da masana'anta ta yi wa ƙarfen rufi ne, shi ke riƙe mai ya hana tsatsa, in ka kankare shi ka bar ƙarfe tsirara. Na biyu ya fi muni. Tazarar da ke tsakanin goshin sakata da mazaunin harsashi an auna ta da ma'aunin da bai kai kaurin takarda biyu ba. Tsohuwar Lee-Enfield mai lamba 4 har kawunan sakata iri-iri aka yi mata, masu lamba 0 zuwa 3, don kawai a daidaita wannan tazarar. In ka ci goshin ko bayan haƙoran da samfefa, tazarar ta buɗe, wata rana gindin kwanso ya tsage, iska mai zafi ta dawo maka fuska. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a ɗaukar sakatar wata bindiga a sa a wata ko da ƙirarsu ɗaya, sai mai gyaran makamai ya auna. Fetur kada ka kusantar da shi, gobara ce. Garwashi ma haka: na ji masu cewa a ɗora sakata a wuta ta ƙone dattin, wannan kashe taurin ƙarfe ne kai tsaye.

Ruwan ɗorawan da ke goshin sakata shafar tagullar kwanso ce, ɗigon ja ko kore ko shunayya a gefen ramin allurar da ke bugun harsashi kuma fentin da ake rufe ƙyastun harsashi da shi ne, wato ɗan maɓallin da ke tsakiyar gindin harsashi. Duk biyun man wanki zai ɗauke su, in ma sun zauna ba komai. Farin ƙyalli a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe alamar aiki ce, wurin yana gaya maka nan ne zan sa mai.

Ja mai gari-gari, wato tsatsa, shi ne abokin gaba, kuma a nan zan daɗe. Akwai wanda zai ce maka ya wanke bindigarsa, ya shafe ta da mai sharkaf, bayan kwana biyu ya buɗe ya ga tsatsa a ƙarƙashin man. Wannan ya daɗe yana ɗaure wa sojojin duniya kai, sai a 1922 wani masanin sinadarai a hukumar ma'adinai ta Amurka, Wilbert Huff, ya bayyana dalili. Ƙyastun tsofaffin harsasai yana ɗauke da sinadarin da in ya ƙone yake komawa wani gishiri, ɗan'uwan gishirin miya. Gishirin yana manne wa ƙarfe, ya jawo danshin iska, ya fara ci. Mai ba ya narkar da gishiri, rufe shi kawai yake yi. Ruwa ne ke narkar da shi. Shi ya sa sojojin Ingila masu Lee-Enfield suka riƙa zuba tafasasshen ruwa ta mazurari cikin bututun bindiga bayan harbi. Amurka ta bar irin wannan ƙyastun a farkon shekarun 1950, amma harsasan soja da yawa da aka yi a tsohuwar Tarayyar Sobiyet da Sin da Gabashin Turai, har da na AK-47, sun ci gaba da zuwa da shi shekaru masu yawa bayan haka, kuma har yau suna cikin ma'ajiyoyi.

Saboda haka in ba ka tabbatar da irin harsashin da aka ba ka ba, ɗauka mai gishiri ne. A ranar da ka yi harbi, ba gobe ba, ka kwance sakatar, ka zuba mata ruwan zafi sosai da ɗan sabulu, haka bututu da fistin da duk inda iskar harbi ta bi. Zafin ruwan zai sa ƙarfen ya bushe da kansa cikin ɗan lokaci, ka ƙarasa da busasshen tsumma, sannan ka bi da man wanki, sannan man shafawa. Washegari ka sake buɗewa ka duba, jibi ma haka. A watan Agusta, lokacin da ko gishirin kicin ke jiƙewa a kwano, dare ɗaya ya isa tsatsa ta kama. Mai harbi-ka-ruga ma wannan ya shafe shi, domin tokar baƙin albarushi ita ma tana jawo danshi, ita ma ruwan zafi take so. Tsatsar da ta riga ta fito, in sama-sama ce, jiƙa ta da mai ka goge da buroshin tagulla. In ta tafi ta bar ramuka a haƙoran kulle, aikin ya wuce hannunka.

Sai wani zobe da nake so ka nema da gangan. Bayan ka wanke goshin sakata, kai shi hasken rana ka duba kewayen ramin allura. In akwai da'ira daidai faɗin ƙyastun harsashi, gwada ta da tsinin allurar ɗinki. In tsinin ya wuce sumul, tabo ne. In ya maƙale a ƙananan ramuka, to iska mai zafi ce ke tsiyaya ta gefen ƙyastu tana yanka ƙarfe. Gogewa ba ta maganin wannan. Duba kwansunan da ka harba, za ka ga baƙin hayaƙi ya zagaye ƙyastun, wani ma allurar bindiga ta huda shi. Laifin yakan zama na harsashin, ko ya tsufa ko an cika shi fiye da ƙima, wani lokacin kuma tsinin allurar bindigar ne ya lalace. Ka ajiye wannan rukunin harsasan, ka kai bindigar da kwansunan wurin mai gyaran makamai.

Launin zafi kuma daban yake da datti. Ƙarfe in ya kai wajen digiri 230 yakan yi ruwan kara, wajen 300 ya koma shuɗi. Wasu sakatu da irin wannan launin suke fitowa daga masana'anta, saboda an taurara wani sashe da wuta, wannan ba abin damuwa ba ne. Amma launin da da babu shi, ya bayyana a haƙoran kulle bayan gobara ko bayan an kai bindigar wurin mai walda, to kada a sake harba ta sai an gwada. Haka siririn layin da ya ƙi goguwa a gindin haƙori, ko a gefen ramin da ƙusa ke ratsa sakatar M16. Wannan tsagewa ce, kuma nan ne irin wannan sakatar ta saba karyewa.

Ramin allura a bar shi a bushe. Mutane suna tsiyaya mai a ciki da kyakkyawar niyya, man ya haɗu da toka da ƙura ya zama danƙo. In allura ta maƙale a baya, bindiga ta ƙi tashi. In ta maƙale a gaba, bindiga na iya tashi da kanta da zarar sakata ta rufe, ba tare da an taɓa kunama ba. Bindigar SKS ta yi suna da wannan idan tsohon giris ya daskare a cikinta. A irin bindigar da allurarta ba ta da sifirin, girgiza sakatar kusa da kunnenka bayan wanki, ya kamata ka ji allurar tana kai da kawowa.

Man shafawa kuwa yanayi ne ke yanke yawansa. Da hunturu, lokacin da ƙura ke shiga ko'ina, mai da yawa yashi yake tarawa ya riƙa cin ƙarfe, don haka ɗigo kaɗan a wuraren nan masu ƙyalli, sauran jiki a shafa a goge har ya zama sheƙi kawai. Da damina a ƙara, a kuma riƙa dubawa kowane mako ko ba a yi harbi ba. M16 ta fi AK-47 son mai a kowane lokaci. In man bindiga ya yanke, man keken ɗinki zai riƙe ka. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su yi danƙo, baƙin man da aka juye daga inji kuma cike yake da datti. Goshin sakata da mazaunin harsashi a goge su su bushe kafin harbi, domin kwanso yana buƙatar ya kama bangon mazauninsa, in akwai mai sai nauyin bugun ya ƙaru a kan sakata.

Baƙin da ya rage a yatsunka akwai dalma a cikinsa, daga ƙyastu da kuma harsashin kansa. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ya san ba a wasa da ita kusa da ƙananan yara. Yi aikin a waje ko inda iska ke shiga, ba a tabarmar da ake cin abinci ba. Kada ka ci goro ko ka sha taba kana cikin yi, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ɗauki yaro, tsummokaran kuma a zuba su a gwangwani mai murfi, nesa da murhu.