SANTSI DA TAƁO: NAZARIN RIKICIN SHUGABANCIN JAM'IYYAR PRP DA KALMOMIN DA YA HAIFAR

Gabatarwa

Siyasa na daga cikin hanyoyin da harshe ke samun sababbin ma'anoni. Da zarar kan shugabannin jam'iyya ya rabu, sai magoya baya su laƙaba wa kowane ɓangare suna. Wannan maƙala za ta dubi ɓarakar da ta auku a jam'iyyar PRP a Jamhuriya ta Biyu, tsakanin masu son sauyi cikin gaggawa da masu ganin a bi sannu, sannan ta nazarci sunaye biyu da rikicin ya bar wa Hausa, wato santsi da taɓo.

Tushen Rikicin

An kafa PRP a shekarar 1978 ƙarƙashin jagorancin Malam Aminu Kano, kuma ita ce ta gaji aƙidar NEPU ta 'yantar da talakawa. A zaɓen 1979 ta ci kujerun gwamna biyu: Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna. Suna hawa mulki suka soke haraji da jangali.

Ba a daɗe ba gwamnonin biyu suka fara halartar taron gwamnoni tara masu kiran kansu 'yan ci-gaba, wato biyar na UPN, biyu na GNPP, da su biyun na PRP. A ganinsu, sai 'yan adawa sun haɗa kai ne za a iya tunkarar NPN mai mulkin tarayya. Uwar jam'iyya kuwa ta hana su zuwa, domin tana ganin wannan ƙawance zai sa UPN ta Cif Awolowo ta haɗiye PRP, kuma gwamna ba shi da hurumin ƙulla ƙawance ba da izinin jam'iyya ba. Gwamnonin suka ƙi bin umurni, suka kuma zargi wasu shugabannin da sassautawa ga NPN. A 1980 aka kore su, jam'iyya ta dare gida biyu. Tsohon ɗan gwagwarmayar ƙwadago Michael Imoudu ya shugabanci tsagin gwamnonin, amma hukumar zaɓe ta FEDECO ta amince da tsagin Malam.

Ma'anar Sunayen

An kira ɓangaren Rimi 'yan santsi, na Malam kuma 'yan taɓo. A asalin ma'ana, santsi shi ne sulɓin da ke kwashe ƙafar mutum, taɓo kuwa laka ce mai kauri da ƙafa ke kafewa a ciki. Ke nan duka sunayen biyu daga yanayin ƙasa a lokacin damina aka samo su. Wannan shi ake kira faɗaɗa ma'ana, inda ake ɗaukar kalmar abin da ido ke gani a ɗora ta kan ra'ayi.

Abin lura shi ne kowane suna yana ɗaukar yabo da zambo, ya danganta da bakin da ya fito. A wurin abokin hamayya, ɗan santsi mutum ne da ya zame daga turba, ɗan taɓo kuma wanda ya maƙale ya kasa gaba. A wurin mai sunan kuwa, santsi na nuna wanda ba ya kamuwa, taɓo na nuna wanda ya kafe bisa amana. Sai ɗalibi ya kula da ƙa'idar rubutu a nan, domin tabo da taɓo ba ɗaya ba ne. Tabo shi ne alamar da ciwo ke bari a jiki, saboda haka barin lanƙwasar ɓ na sauya ma'ana baki ɗaya.

Sakamako

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Yunin 1981 majalisar dokokin Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa. A 1983 Rimi ya koma NPP, ya sauka daga mulki, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya hau. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, kafin zaɓe. Sabo Bakin Zuwo na ɓangaren taɓo ya kayar da Rimi a Kano, amma bayan wata uku sojoji suka kifar da gwamnati ranar 31 ga Disamba, 1983.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ɓangarorin biyu ba su saɓa a kan manufa ba, domin kowa na iƙirarin talaka yake wa aiki. Saɓaninsu a kan hanya ne: da wa za a haɗa kai, kuma wa ke da ta cewa tsakanin jam'iyya da gwamna. Sunayen da jama'a suka raɗa sun nuna wannan, tunda santsi da taɓo duk a kan hanya matafiyi ke gamuwa da su. Zai yi kyau ɗalibai su tattaro ire-iren waɗannan sunaye daga bakin dattawan garuruwansu, su rubuta asalin ma'anar kowanne da wadda siyasa ta ba shi.