Katin Kirsimati da Hakkin Matalauci

Ya kai mai karatu, kai da ka shiga hanyar Almasihu kwanan nan, ko kuwa kana bincikenta tukuna, ga wata al'ada ta mutanen Ingila wadda akwai koyarwa a cikinta dominka.

A shekara ta 1843 wani mutumin birnin London, sunansa Henry Cole, ya sa aka buga kati 1,000 na gaisuwar Kirsimati, kowane ɗaya sule guda. A tsakiyar katin an zana iyali suna biki, a gefe ɗaya ana ciyad da mayunwata, a ɗaya gefen kuwa ana tufasad da matsiyata. A 1949 UNICEF, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yara, ta fitad da katinta na fari. Ƙungiyoyin jinƙai da yawa suka bi wannan hanya, har manyan kantuna suka shiga sayad da kati mai sunan wata ƙungiya a bayansa. Mai saye kuwa ya kan koma gida da farin ciki, yana cewa a ransa ya taimaki matalauta.

Amma ina kuɗin ya ke tafiya? Mai buga kati yana da rabonsa, mai kanti yana da ribarsa, gwamnati kuma tana karɓar harajin ciniki. Shekaru da dama wata ƙungiya mai suna Charities Advisory Trust ta riƙa bincike kowace Kirsimati, tana ba kantin da ya fi rowa lambar kunya. Ta iske kantunan da ba su ba da ko kashi 10 cikin ɗari ba.

Bari mu yi lissafi. A kuɗinsu na yau fam guda kwabo 100 ne. A ce mutum ya sayi ƙunshin kati na fam 5, rabon ƙungiya kuwa kashi 10 ne. Kwabo 50 ke nan za su kai gare ta. Da ya miƙa mata fam 5 ɗin nan hannu da hannu, in shi mai biyan haraji ne, da ta karɓi ƙarin kwabo 25 a kan kowane fam daga gwamnati, bisa ga tsarin da su ke kira Gift Aid. Ya zama fam 6 da kwabo 25, fiye da riɓi 12 na abin da katin ya kawo.

Ga abu uku da ya kamata ka riƙe.

Na ɗaya, ka bincika. Dokar da aka yi a Ingila a 1992 ta wajabta wa mai ciniki da sunan ƙungiyar jinƙai ya bayyana rabonta. Duk inda aka tallata maka kaya da sunan matalauta, ka tambayi nawa ne zai kai hannunsu.

Na biyu, in za ka saya, ka saya daga hannun ƙungiyar kanta, gama a nan ribar duka tata ce.

Na uku, wanda ya fi duka nauyi, kada ka kira ciniki sadaka. Sayen kati ba zunubi ba ne, gaishe da 'yan'uwa kuma abu ne mai kyau. Hatsarin yana nan: zuciya ta ba da kwabo 50, ta rubuta wa kanta ladan fam 5, sa'an nan ta rufe ƙofa ga maƙwabci mai yunwa. Ka tuna da gwauruwan nan matalauciya wadda Ubangiji Yesu ya yaba a Haikali. Ƙananan kuɗi biyu ta jefa, ba ta kuwa ɗauki kome ta koma gida da shi ba.

Domin wannan, ɗan'uwana, ka aika da gaisuwarka da murna, amma ka lasafta kuɗinta cikin kuɗin gaisuwa. Sa'an nan ka keɓe baikonka dabam, gwargwadon ƙarfinka, ka kai shi inda ka tabbata zai isa ga mai bukata. Allah ya ba ka zuciya mai gaskiya cikin bayarwa. Amin.